Hoton Fuska a Ƙasar Dakoro: Tsakanin Kunya da Bege

Sana'ar ɗaukar hoto ta shigo ƙasar Dakoro ne ta hanyar bariki, domin garin, wanda ke arewacin Maradi inda ƙasar noma ta yi iyaka da ƙasar kiwo, ya zama mazaunin hukuma a 1947, lokacin da Turawan Faransa suka kafa ofishinsu a wurin don sa ido a kan Hausawa manoma da Fulani da Abzinawa makiyaya. Hukuma kuwa ba ta sanin mutum sai da takarda, kuma bayan Nijar ta samu mulkin kai a 1960 katin shaida mai ɗauke da fuska ya ƙara zama dole ga matafiyi da ɗan makaranta da maniyyaci. Saboda haka hoton farko na galibin mutanen karkara ɗan ƙarami ne, daga kafaɗa zuwa sama, babu fara'a. A zamanin farko akan ɗauki irinsa da akwatin katako mai ƙafa uku, wanda mai hoto kan wanke takardar a cikinsa nan take. Siffar takan fara fitowa a juye, fari ya koma baƙi, sai an sake ɗaukar wannan takarda kafin fuska ta fito daidai.

Hoton ado, wato wanda mutum ke zuwa da ƙafarsa ya biya don son ransa, a birane ya fara bunƙasa. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, Malick Sidibé ya biyo bayansa, a Yamai kuma Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014, ya ɗauki samari da ƴan mata na shekarun farko na ƴancin kai a wuraren raye-raye. Ɗabi'ar ta isa ƙananan garuruwa da kayan aikinta: labule mai zanen gidan sama ko jirgi, furen roba, da rediyo ko agogon aro da saurayi kan riƙe yadda ido zai fara sauka a kai. Da hoto mai launi ya yaɗu a shekarun 1980, sai wanke fim ya koma hannun masu injin a manyan birane, mai hoton ƙaramin gari ya zama mai aikawa da jira.

Abin da ya ba wannan takarda nauyi a zukatan mutane shi ne kunya, wato kamun kai da al'ada ta ɗora wa mutum a gaban wanda ya fi kusa da ransa. Matar Bahaushe ba ta kiran sunan maigidanta, uwa ba ta ambaton ɗan farinta, budurwa a wurin zance takan sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. A irin wannan zama, hoto ya ba da damar da ido bai samu ba a fili, ta kallon fuska har a ƙoshi ba tare da kowa ya shaida ba. Shi ya sa musayar hoto tsakanin saurayi da budurwa ta zama magana mai girma, kuma mayar da shi ga mai shi alama ce ta cewa zance ya mutu. Cirani, wato tafiya neman kuɗi bayan an kawar da amfanin gona, ya ƙara wa abin ƙarfi, musamman bayan farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, waɗanda suka karkashe dabbobi suka tura maza Kano da Legas da ƙasashen gaɓar teku. Ɗan cirani kan sa rigarsa mafi kyau, ya tsaya a gaban labule, ya aiko gida ta hannun direba ko ɗan gari. Hoton yana cewa lafiya lau, ko da mai shi a rumfar kasuwa yake kwana, kuma matar da ta karɓa ta san haka, duk da haka takan naɗe shi cikin zane ta ajiye a ƙasan akwati.

Mutuwa ce ke sauya ma'anarsa gaba ɗaya. Musulmi kan binne mamaci a ranar da ya rasu, kabari ba ya ɗauke da suna, kayan sawa a raba su, matar ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma. Abin da ke saura na siffarsa sau da yawa ɗan hoton nan ne na katin shaida, wanda ƴaƴa kan kai a ƙara masa girma har da gefen hatimin hukuma a jikinsa. Malamai sun yi saɓani a kan rataya hoto a bango, kuma wa'azin ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978 ta kuma samu karɓuwa a Maradi, ya sa gidaje da dama suka sauke nasu, amma saukewa daban, yagawa daban.

Duniyar waje ta san fuskokin Nijar ta wata hanyar. Littafin Nomads of Niger na 1983, mai hotunan Carol Beckwith, da fim ɗin Werner Herzog na 1989 sun yayata Fulani Woɗaaɓe da bikinsu na Geerewol, inda samari ke kwalliya su jeru ƴan mata su zaɓa, kuma wajen Bermo, arewa da Dakoro, na cikin mazaunan waɗannan mutane. Hotunan suna da kyau, amma baƙo ne ya zaɓi abin da za a gani, kuma su ne ke cikin ɗakunan karatu na Turai da Amurka, alhali waɗanda mutanen ƙasar suka zaɓi tufafinsu da tsayuwarsu da kansu suna cikin akwatuna, gara da zafi da damina na cin su. Wayar hannu ta rage wa shagunan hoto ciniki, tsofaffin da za su iya cewa wannan wane ne kuma suna ƙarewa. Ya kamata malaman Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi su nemi izinin iyalai su kwafi waɗannan hotuna, su rubuta sunaye da shekaru tun masu sani suna raye.