Tsofaffinmu a Samaru da Sabon Gari: Jiya da Yau

 Yau za mu ɗan waiwayi baya, mu ga yadda aka yi ɗawainiyar tsoho ta dawo wuyan mace ɗaya a gidajenmu.

A da, a ƙasar Zazzau, tsoho ba ya rasa ido a kansa. Gida babba ne, ga matan 'ya'ya, ga jikoki, kowa na shiga yana fita. Ko wadda Allah bai ba haihuwa ba, ba a barinta haka nan. Ku dubi Baba ta Karo, wadda ta ba Baturiya Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa daga 1949 zuwa 1950, aka buga shi littafi a 1954. Ba ta taɓa haihuwa ba, amma dangi sun ba ta 'ya'ya ta riƙa. Riƙo irin wannan shi ne jarin tsufa a wancan zamani.

To, unguwannin namu ba haka aka kafa su ba. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ta tashi a gefen tasha, ta cika da baƙi da ɗakunan haya. Samaru kuwa, an buɗe tashar binciken noma a 1922, sannan Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Leburori da masinjoji da masu gadi suka yi ta zuwa daga garuruwa masu nisa, kowa da niyyar in ya samu ya koma gida. Da yawa tsufa ya riske su a nan, dangi na can, 'ya'ya kuma aiki ya kai su Kaduna ko Abuja.

Wa ya rage a gida ke nan? Ke ce, 'yar'uwa. Maigida ya fita tun safe, ya gaida Baba a tsaye, Baba ya ce lafiya lau. Ke kuwa ke kike ɗauko kwanon tuwo kamar yadda kika kai shi. Ke kike ganin Inna ta yi sallar azahar sau biyu, ko ta tambaye ki abu ɗaya sau biyar kafin la'asar. Ki lura in buta ta fara gagararta, in zani ya yi mata yawa, in zarnin fitsari ya kama shimfiɗa, ko in Baba ya ɓace hanya tsakanin masallaci da gida.

Don Allah kada a ce rigimar tsufa ce, balle a jefi baiwar Allah da maita. Akwai ciwon mantuwa, akwai hawan jini da ciwon suga, duk likita na dubawa. In kuwa baki ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, ba a jiran dawowar kowa. A aika yaro ya nemo mota, a nufi asibiti mafi kusa ko Asibitin Koyarwa na Shika.

Sauran alamomin kuma ki riƙe ranakunsu, ki samu maigida cikin natsuwa bayan ya ci abinci, ki zayyana masa. Ki nemi a kira 'yan'uwansa a raba ɗawainiya, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba mu ladan haƙuri, Ya ba mu masu kula da mu ranar da namu ƙarfin ya ƙare. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.