Tsirkiya da Lasifika a Tamanrasset

Kayan kiɗan tsirkiya na Sahara an ƙirƙire su ne domin zaman tanti, inda mai sauraro ke kusa da makaɗi. Haka imzad yake, gogen matan Abzinawa mai tsirkiya ɗaya, wanda UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya a 2013. Haka ma gurminmu da garayarmu. Da biki ya koma fili, taro ya yi yawa, sai muryarsu ta nutse cikin hayaniya.

Magabata sun fara neman magani a jikin kayan kiɗan. A Aljiyas, cikin shekarun 1930, El Hadj M'Hamed El Anka ya sa wani masassaƙi mai suna Bellido ya ƙera masa mandol, babbar 'yar'uwar mandolin, mai faɗin ciki da dogon wuya, domin amonta ya riƙe waƙar sha'abi.

Kudu ta bi wata hanya. Wajen 1979, a nan Tamanrasset, Ibrahim Ag Alhabib da abokansa suka soma kiɗan da ya haifi ƙungiyar Tinariwen. Da gitar katako suka fara, kaset ya yaɗa su, daga baya suka rungumi gitar lantarki.

Sai dai lantarki yana da farashinsa. 'Yar na'urar da ake mannawa inda tsirkiya ke hawa tana ɗaukar girgizar wurin kaɗai, sai sauti ya fito busasshe, mai tsini. Makirfo kuwa yana kamo amon ƙwarya da fata, amma in ya fuskanci lasifika sai kuwwa ta tashi. Shi ya sa gwanaye ke haɗa biyun, su kusanto da makirfo, su ajiye lasifika gaban makaɗi tana ba shi baya, su rage ƙara.

Abin lura, kundin da ya ci wa Tinariwen kyautar Grammy a 2012, wato Tassili, an ɗauke shi ne a jejin Djanet, galibi da gitar katako. Ƙungiyar Imarhan ma a garin nan ta gina ɗakin ɗaukar sauti, inda ta naɗi kundin Aboogi na 2022.

Muna jan hankalin masu biki da masu hayar lasifika: idan an cika ƙara, jikokinmu za su tashi ba su san ainihin muryar goge ba. A sassauta, domin kunne ya bambance gurmi da garaya.