Koyar da Dangantakar Fangas da Sauran Halittu a Makarantun Dawakin Tofa

Darasin fangas, wato dangin halittun da suka haɗa da funfuna da yis da naman kaza, yakan tsaya ne a ajin sakandare kan zanen funfunar burodi da jeri biyu da ɗalibi zai haddace, ɗaya na amfani ɗaya na illa. Wannan rabo yana sauƙaƙa jarrabawa, amma yana ɓoye ainihin abin da ya kamata a fahimta, domin fangas ba ya iya haɗa abincinsa da hasken rana kamar tsiro, saboda haka rayuwarsa duka ta rataya ne a kan wasu halittu, kuma yanayi ne ke yanke ko dangantakar za ta zama cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ko cuta. Ƙasar Dawakin Tofa, mai gonaki a jere da kwalejin kimiyya tun 1977 da kasuwar hatsi ta Dawanau, tana da kowane misali da malami ke buƙata.

Misalin da ya fi cancantar a daɗe a kansa yana ƙarƙashin ƙasa. Saiwoyin dawa da gero da wake suna zama tare da wani fangas da masana ke kira maikoraiza, wanda zaruruwansa ke kutsawa cikin saiwa, sannan su bazu cikin ƙasa su jawo wa tsiron fosfaras, sinadarin da jigawar arewacin Kano ke ƙarancinsa, shi kuma tsiron ya biya da sukari. A shekarar 2005 masana a Japan suka nuna cewa saiwa tana kiran wannan fangas ne da wani sinadari da take fitarwa, wanda yake ƙaruwa idan ƙasa ta gaji. Abin da ya sa binciken ya shafi manomin Dawakin Tofa shi ne, da wannan sinadarin ne irin ƙuduji yake gane cewa dawa na kusa, sai ya tsiro ya maƙale mata. Manoma sun daɗe da sanin cewa ƙuduji ya fi addabar gonar da ba ta sha taki ba, kuma ɗalibin da aka bayyana wa dalili zai ga cewa kimiyya tana fassara abin da iyayensa suka riga suka lura da shi ne.

Burtuntuna, wadda ke mai da ƙwayar dawa baƙin gari, da makero a kan yara, sun isa misalin cuta, kamar yadda gara da ke noman fangas cikin suri don ya narkar mata da itace ta isa misalin zama da dabba.

Inda rabon amfani da illa ya rushe gaba ɗaya shi ne kan Aspergillus flavus, funfunar da ke kama gyaɗa da masara idan fari ya wahalar da su a gona ko aka adana su da danshi. Tana fitar da dafin afalatokzin, wanda aka gano bayan mutuwar talotalo kusan 100,000 a Ingila a 1960, kuma yana haddasa kansar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Dafuwa ba ta kashe shi, don haka yakan bi gyaɗa har cikin ƙuliƙuli. Duk da haka, maganin Aflasafe da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar ba komai ba ne face wasu jinsunan wannan funfuna ɗin da ba sa yin dafi, waɗanda ake shafa wa gasasshiyar dawa a watsa kilo 10 a hekta kafin amfani ya yi fure, su riga masu dafin mamaye gonar. Halitta ɗaya ke nan ta zama cuta kuma ta zama kariya, abin da jeri biyu ba zai taɓa ɗauka ba.

Ana iya cewa makarantun karkara ba su da madubin ƙara girma, kuma zaruruwan maikoraiza ba sa ganuwa sai da shi. Wannan gaskiya ne, amma bai hana ɗalibai su kwatanta gyaɗar da aka shanya sosai da wadda aka rufe da danshi ba, ko su ƙirga ƙuduji a gona mai taki da marar taki. Ya wajaba malaman bayoloji da na aikin gona su tsara wannan darasi tare, su kuma sanya shi a lokacin kaka, sa'ad da burtuntuna da ƙuduji da sabuwar gyaɗa suke a hannu.