Tarihin Jirgin Yaƙi Itasca a Ƙawanyar Teku ta Yaƙin Basasar Amurka, 1861-1865

1.0 Gabatarwa

Akasarin abin da aka rubuta a kan yaƙin basasar Amurka ya fi karkata ga gumurzun da aka yi a tudu. Sai dai akwai wani fagen daga a kan ruwa, inda gwamnatin tarayya ta yi wa jihohin Kudu da suka ɓalle ƙawanya don hana su fitar da auduga da shigo da makamai. Wannan maƙala ta bi tarihin wani ƙaramin jirgin yaƙi mai tururi, Itasca, domin nuna cewa ire-irensa ne suka ɗauki nauyin wannan ƙawanya.

2.0 Asalin Ƙawanyar da Ƙera Jirgin

A ranar 19 ga Afrilu, 1861, Shugaba Abraham Lincoln ya ba da sanarwar toshe tashoshin jiragen ruwan Kudu. Faɗar ta fi aikatawa sauƙi, domin tsawon gaɓar ya kai kimanin mil 3,500, alhali jiragen yaƙin da ke bakin aiki ba su wuce 42 ba, kuma da yawansu suna ƙasashen waje. Bugu da ƙari, manyan jirage ba sa iya shiga bakin koguna da wuraren da ruwa ba shi da zurfi, inda masu fasa-ƙwauri ke bi.

Saboda haka ne ma'aikatar sojan ruwa a ƙarƙashin Gideon Welles ta ba da kwangilar ƙera ƙananan jirage 23 masu fasali ɗaya, waɗanda aka yi wa laƙabi da jiragen kwana casa'in saboda gaggawar aikinsu. Itasca na cikinsu. An ƙera shi da katako a Filadelfiya, aka saka shi a ruwa a ranar 1 ga Oktoba, 1861, ya kama aiki a ƙarshen Nuwamba a ƙarƙashin Laftana C. H. B. Caldwell. Tsawonsa ƙafa 158 ne, yana tafiya da injin tururi mai juya farfela, kuma yana da manyan ƙyallayen da iska ke turawa don tsimin kwal. Babban makaminsa igwa ce mai faɗin baki, tare da wasu ƙanana.

An tura shi Mashigin Tekun Meziko, inda a watan Janairu na 1862 ya kama jirgin Lizzie Weston maƙare da auduga a hanyarsa ta zuwa Jamaika.

3.0 Sarƙar Kogin Misisipi

New Orleans shi ne birni mafi girma a Kudu, kuma ta nan ake fitar da audugar da ke gangarowa ta Kogin Misisipi. Kimanin mil 70 ƙasa da birnin, 'yan Kudu suna riƙe da ganuwa biyu, Jackson da St. Philip, ɗaya a kowace gaɓa. Kusa da su aka gitta wata babbar sarƙa a kogin, aka ɗora ta bisa tsofaffin jirage, ta yadda duk jirgin da ta tsayar zai zama abin bara ga igwogin ganuwar. David Farragut, wanda aka ɗora wa alhakin kama birnin, ya san muddin sarƙar na nan rundunarsa ba ta da hanya.

A daren 20 ga Afrilu, 1862, aka aika Itasca da ɗan'uwansa Pinola, a ƙarƙashin Kyaftin Henry Bell, su buɗe hanyar. Dabarar farko ita ce a fasa ɗaya daga cikin tsofaffin jiragen da nakiya, amma wayar tayar da ita ta tsinke. Itasca kuwa ya ɗaure kansa da wani jirgin, mutanensa suka kwance sarƙar da ke riƙe da shi, sai ƙarfin ruwa ya kwashe su duka biyu ya maka su a gaɓa, Itasca ya kafe a taɓo a inda igwogin abokan gaba ke iya samunsa. Da ƙyar Pinola ya janyo shi.

Maimakon ya juya gida, sai Caldwell ya bi ta ɗan gurbin da aka samu, ya haura sama da shingen, ya juyo, ya taho da dukkan ƙarfin injinsa haɗe da na ruwa, ya hau kan sarƙar. Goshin jirgin ya ɗaga sama, nauyinsa ya danne ta har ta tsinke.

Ta wannan kafa rundunar Farragut ta bi kafin asubar 24 ga Afrilu. Amma Itasca bai ci moriyar aikinsa ba, domin harsashin igwa ya huda masa tukunyar tururi, injin ya mutu, ruwa ya mayar da shi baya. Shi da Winona da Kennebec ne ba su wuce ba. Washegari Farragut ya isa New Orleans, ganuwar biyu kuma suka miƙa wuya a ranar 28 ga wata.

4.0 Shekarun Sintiri da Yaƙin Mobile

Bayan gyara, jirgin ya yi aiki a kogin, sannan aka tura shi gaɓar Texas a farkon 1863, lokacin da 'yan Kudu suka sake ƙwace Galveston. Aikin sintiri gajiyarsa ta fi ɗaukakarsa yawa. Jirgi yakan yi makonni yana shawagi a bakin tasha cikin zafi da zazzaɓi, dole wutar tukunya ta kasance a kunne dare da rana, domin masu fasa-ƙwauri a daren da babu farin wata suke fitowa. Abin da ke ƙarfafa wa matuƙa guiwa shi ne dokar ganima, wadda ta ba su kaso daga kuɗin jirgin da suka kama bayan kotu ta tabbatar da kamun.

A ranar 5 ga Agusta, 1864, Farragut ya kai hari Mashigin Mobile. Ya haɗa jiragen katako 14 bibbiyu, ƙarami ɗaure a gefen babba, domin in injin ɗaya ya lalace ɗayan ya ja shi, wato maganin irin abin da ya sami Itasca a Misisipi. An ɗaure Itasca da Ossipee, suka wuce ganuwar Morgan, kuma a ranar ce babban jirgin 'yan Kudu mai sulken ƙarfe, Tennessee, ya miƙa wuya. Daga nan Itasca ya koma gaɓar Texas, ya ci gaba da farautar masu fasa-ƙwauri har ƙarshen yaƙi.

5.0 Kammalawa

An sallami Itasca daga aikin soja a Filadelfiya a watan Agusta na 1865, aka sayar da shi a New York a ranar 30 ga Nuwamba, ya zama jirgin fatauci mai suna Aurora. Yawancin 'yan'uwansa ma haka aka yi da su, domin ɗanyen katakon da aka ƙera su da shi cikin gaggawa ya soma ruɓewa. Ƙawanyar ba ta taɓa rufe kowace kafa ba, amma ta tilasta wa cinikin Kudu komawa hannun ƙananan jirage masu gudu waɗanda kayan da suke ɗauka bai taka kara ya karya ba, ga tsada. Tsinka sarƙar Misisipi aikin dare ɗaya ne. Sauran kusan shekara huɗun da Itasca ya yi a bakin aiki, mafi yawansu a wannan gadi suka tafi.