Tsakanin Zunubi da Laifi: Tarihin Matsayin Masu Neman Jinsi a Dokar Birtaniya da Cocinta

A shekarar 1533 majalisar Sarki Henry na Takwas ta ƙwace shari'ar luwaɗi daga hannun kotunan coci ta danƙa wa kotunan sarki, ta kuma yanke masa hukuncin kisa. A daidai lokacin ne sarkin yake raba gari da Fafaroma yana tattara ikon addini a hannunsa. Tun daga nan abin da coci ke kira zunubi ya zama laifi a gaban hukuma, kuma an shekara fiye da ɗari huɗu ba a raba su ba. Mutanen ƙarshe da aka rataye kan wannan laifi su ne James Pratt da John Smith, a Landan a 1835. An soke hukuncin kisan a 1861, amma a 1885 aka ƙara wani sashe da ya haramta duk wata mu'amala ta sha'awa tsakanin namiji da namiji, ko da a cikin ɗaki ne. Da shi aka ɗaure marubuci Oscar Wilde shekara biyu da aikin wahala a 1895.

Ko wanda yake ganin munin aikin, in dai mai adalci ne, ba zai kau da kai daga abin da wannan doka ta haifar ba. Ta zama jari ga masu tatsar kuɗi da barazanar tonon asiri, ta kuma sa 'yan sanda cikin bin diddigin sirrin mutane. Alan Turing, masanin lissafin da ya taka babbar rawa wajen warware saƙonnin sirri na Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, ya kai ƙarar sata ne aka yi masa a gida, binciken ya juyo kansa. A 1952 aka same shi da laifi, aka ba shi zaɓi tsakanin kurkuku da allurar dakushe sha'awa, ya zaɓi allurar, aka kuma rufe masa ƙofar ayyukan sirri na gwamnati. Ya rasu a 1954. Sai a 2013 Sarauniya ta yi masa afuwa.

Abin da ya fi dacewa ɗalibin addinai ya lura da shi shi ne inda kiran sauyi ya fito. A 1954 sashen kula da tarbiyya na Cocin Ingila ya fitar da rahoto yana neman a sake duba dokar. A shekarar ce gwamnati ta naɗa kwamiti ƙarƙashin John Wolfenden, wanda a watan Satumbar 1957 ya ba da shawarar a daina hukunta manya biyu kan abin da suka yi a keɓe bisa yardar juna. Hujjar kwamitin ita ce aikin doka ya tsaya ga kiyaye zaman lafiya da kare masu rauni, abin da ya wuce haka tsakanin mutum ne da lamirinsa. Akbishop na Canterbury, Geoffrey Fisher, ya goyi bayan wannan rarrabewa, haka ma magajinsa Michael Ramsey a majalisar dattawa. Dukkansu ba su ce aikin ya halatta ba. Sun ce zunubi ne, amma ba kowane zunubi ne ɗan sanda zai bi ba.

Alƙali Patrick Devlin ne ya ƙalubalanci wannan tunani a wata lacca a 1959. A ganinsa ɗabi'ar da jama'a suka haɗu a kanta ita ce igiyar da ta ɗaure su, don haka al'umma na da haƙƙin kare ta da doka. Farfesa H. L. A. Hart na Jami'ar Oxford ya mayar masa da martani cewa ƙyamar da masu rinjaye ke ji ba ta isa hujjar ɗaure mutum ba matuƙar bai cutar da kowa ba. Mai karatun fiƙihu zai ji kamar ya san wannan muhawara, domin shari'ar Musulunci ta tsananta sharuɗɗan shaida, ta hana leƙen asirin mutane, ta ƙarfafa suturtawa, Imam Abu Hanifa ma ya sanya hukuncin luwaɗi a babin ta'aziri saɓanin Malikiyya. Sai dai kamar ta tsaya a nan. Malaman fiƙihu sun ƙuntata hanyar tabbatar da laifin alhali hukuncin yana nan daram, shi kuwa Wolfenden cire hukuncin ya yi ɗungurungum daga abin da ke faruwa a keɓe.

Majalisa ta ɗauki shekara goma kafin ta amince. Dokar 1967 ta shafi Ingila da Wales kaɗai, da waɗanda suka kai shekara 21, ban da sojoji da ma'aikatan jiragen ruwa na kasuwanci. Sikotland ta biyo baya a 1980, Arewacin Ireland a 1982 bayan Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta yanke hukunci kan gwamnati. Akwai abin mamaki a nan: lokacin da Birtaniya ke soke dokar a gida, dokokin da ta shuka a ƙasashen da ta mallaka suna nan. Kundin hukunta laifuka na Indiya na 1860 shi ne tushen na Sudan, na Sudan kuma shi aka kwaikwaya wajen tsara na Jihar Arewa gab da samun 'yancin kai.

Daina ɗaure mutum daban, karɓarsa daban. Har zuwa 1991 ana hana masu neman jinsi aikin jakadanci, sojoji kuma suna korarsu har zuwa watan Janairun 2000, shi ma sai da kotun Turai ta sa baki. A fagen siyasa, Chris Smith na jam'iyyar Leba ya bayyana kansa a wani gangami a garin Rugby a 1984, ya kuma zama minista a gwamnatin Tony Blair a 1997. A makarantu ma har baya aka koma. A 1988, cikin fargabar cutar ƙanjamau, gwamnatin Margaret Thatcher ta kafa sashe na 28, wanda ya hana ƙananan hukumomi tallata neman jinsi ko koyar da cewa irin wannan zama iyali ne karɓaɓɓe. Ba a taɓa gurfanar da kowa da shi ba, amma ya sa malamai da yawa kame bakinsu ko da an zalunci yaro a gabansu da wannan zargi. An soke shi a Sikotland a 2000, a Ingila da Wales a 2003, kuma David Cameron, shugaban jam'iyyar da ta kafa shi, ya nemi afuwa a 2009.

Daga 2003 al'amarin ya canza salo. A watan Disambar shekarar aka fara aiki da ƙa'idoji biyu a mako guda: ɗaya ta hana nuna bambanci a wurin aiki saboda neman jinsi, ɗaya saboda addini. Musulmin Birtaniya sun amfana da ta biyun, kuma Dokar Daidaito ta 2010 ta haɗa su duka a inuwa ɗaya. Matsalar ita ce haƙƙoƙin biyu suna karo. Lillian Ladele, Kirista mai rajistar aure a Islington, ta ƙi ɗaura zaman tare na jinsi ɗaya da dokar 2004 ta halatta, ta rasa aikinta, ta kuma sha kaye a kotun Turai a 2013. Hukumomin Katolika masu sama wa marayu iyayen riƙo sun rufe ko sun yanke alaƙa da cocin bayan ƙa'idojin 2007. A 2019 iyaye, akasarinsu Musulmi, sun yi zanga-zanga a makarantun firamare na Parkfield da Anderton Park a Birmingham kan darussan da ke nuna iyalai masu uba biyu ko uwa biyu, kotu ta hana gangami a ƙofar ta biyun, daga 2020 kuma darasin zamantakewa ya zama tilas a firamare. A cikin shekara hamsin mai addini ya tashi daga matsayin mai kafa doka zuwa mai neman a keɓe shi daga gare ta. Keɓewar kuwa tana nan a wuraren ibada: dokar auren jinsi ta 2013 ba ta tilasta wa masallaci ko coci ba, Cocin Ingila ma hana shi ɗaura irin wannan aure ta yi.

Cocin da ya buɗe ƙofar shi ne ya fi shan wahalar abin da ya biyo baya, domin tambayar ta tashi daga ko laifi ne ta koma ko zunubi ne. A taron Lambeth na 1998 bishop-bishop 526 suka zaɓi ƙudurin da ya ce aikin ya saɓa wa Littafi Mai Tsarki, 70 suka ƙi, kuma muryar Afirka ce ta yi rinjaye. A 2003 Jeffrey John ya janye daga naɗin Bishop na Reading saboda matsin lamba, amma a Amurka aka naɗa Gene Robinson. Akbishop Peter Akinola na Najeriya ya jagoranci masu adawa har suka yi nasu taron a Birnin Ƙudus a 2008. Mabiya Methodist na Birtaniya sun amince da auren jinsi a 2021, Cocin Sikotland a 2022. A watan Fabrairun 2023 majalisar Cocin Ingila ta yarda a yi wa irin waɗannan ma'aurata addu'ar albarka ba tare da ɗaura musu aure ba. Bayan wata biyu, shugabannin Angilika masu riƙe da tsohuwar koyarwa, da na Najeriya a cikinsu, suka taru a Kigali suka bayyana cewa sun daina amincewa da jagorancin Akbishop na Canterbury.