Dandali da Filin Makaranta: Tarihin Koyar da Wasanni a Ƙasar Zangon Daura



Masu binciken yadda ake koyar da motsa jiki a makarantun firamare sun saba fara lissafinsu daga ranar da Bature ya kafa makaranta, sai ka ce kafin wannan rana yaran Hausa a zaune suke wuni. Ni daga dandali zan fara, kuma na zaɓi ƙasar Zango saboda wani dalili na tarihi. Bayan da Malam Isiyaku ya ci Daura wajen 1805, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa, daga baya wani reshe na gidan ya zauna a Zango, yana riƙe da sarautar Haɓe a ƙarƙashin inuwar Damagaram, har 1906 da Turawa suka mai da Malam Musa kan gadon Daura. Watau kusan ƙarni guda Zango tana fuskantar arewa, kuma iyakar da aka shata tsakanin Ingilishi da Faransi ba ta raba makaɗan kokawa da 'yan wasansu ba. Saboda haka nan wuri ne da za a iya auna abin da makaranta ta tarar, da abin da ta kawo.

Abin da ta tarar shi ne langa da kokawa da dambe. Da kaka, in an kai amfanin gona gida, sai a share fili, kalangu ya tashi. Ba ƙarfin 'yan wasa nake so mu duba ba, ƙa'idarsu nake so mu duba. Ta farko ita ce sa'a. Ba a haɗa yaro da wanda ya girme shi, kuma ba a bukatar takarda kafin a san haka, domin gari duka ya san waɗanda aka yi wa kaciya tare, ya san wadda ta haihu shekarar fari. Ƙato ya fito ya nemi ɗan ƙanensa, to, dariyar 'yan kallo kaɗai ta isa ta mai da shi wurin zamansa. Ta biyu, a dambe da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an ce an kashe mutum, wasa ya ƙare ke nan, ba a ƙara masa ko da naushi ɗaya. Ta uku, wanda aka nema yana da ikon ya ƙi shiga. Ba ina cewa dandali ba shi da aibi ba ne. Akwai layu da asiri, akwai gaba da kan biyo bayan kaye, malamai kuwa ba su taɓa kallon dambe da idon rahama ba. Amma alƙalin wasan jama'a ne, bulalarsa kuwa kunya.

Makarantar boko ta zo da wasanni iri biyu, ba ta kuwa raba su daidai ba. Daga makarantar Ɗan Hausa ta Nassarawa a Kano a 1909, zuwa Kwalejin Katsina da Gwamna Kilifod ya buɗe a 1922, an ɗauko tsarin makarantun manyan Ingila, inda ake ganin fili shi ke gyara hali. Aka kawo kurket da ƙwallon ƙafa, da wasan nan na buga ƙwallo a bango da tafin hannu, wanda Sardauna Ahmadu Bello ya ƙware a kai tun yana ɗalibi, bai kuma bar shi ba har ya zama Firimiya. Waɗannan na 'yan ƙalilan ne da ake shiryawa domin mulki. Yaron elementare na ƙauye kuwa, abin da ya samu shi ne atisaye: a jeru, a miƙe hannu, a sunkuya, a juya dama, bisa ga manhajar da Hukumar Ilmi ta Ingila ta fitar a 1933, wadda tushenta ke komawa ga tsarin Suwidin da fareti irin na soja. Sai kuma tseren gudu da tsalle ranar 24 ga Mayu, ranar bikin daular Ingila.

A nan ne nake ganin aka yi ɓatan kai. Atisaye yana koyar da biyayya, amma ba ya koyar da adalci, domin ba abokin karawa a cikinsa balle a ce an cuce shi. Ranar da gasa ta zo kuwa, sai ta zo da kofi da sunan makaranta, ga yara daga garuruwa dabam dabam waɗanda ba wanda ya san ranar sunansu. An ɗebe idon gari daga wasa, ba a sa wani ido a madadinsa ba, sai rajistar hedimasta.

Ko da yake an fara horar da malaman motsa jiki a Zariya tun 1957, yawansu bai kai ya isa ƙauyukan bakin iyaka ba, sa'an nan shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya zo ya cika makarantu maƙil. An yi tanadin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya a ƙasa baki ɗaya, fiye da miliyan 3 suka bayyana. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta sa motsa jiki cikin darussan firamare, amma malamin da aka horar a gaggauce, ga yara cunkus, sai ya jefa musu ƙwallo ya koma gindin bishiya. Shekarun yaro kuwa, dattawan da ke wannan zaure sun tuna yadda ake gane su: ya ɗora hannu bisa kai, in ya taɓo kunne ya isa shiga. Abin da malami ya ƙiyasta shi ke zama ranar haihuwa.

Bari in ba da shaida a kaina. Ina aji shida aka kai mu gasar gudu, sai malaminmu ya zo da wani saurayi mai gemu ya fara tsirowa, aka aske shi, aka ba shi rigar wani ɗan ajinmu da sunansa. Ya ci, muka yi ta tsalle. Yaron da aka karɓe wa riga yana tsaye a bayan igiya, shi kaɗai ne bai yi tafi ba. Ba wanda ya ce mana an yi laifi, darasin da muka koma gida da shi ke nan, cewa sojan gona dabara ce. A dandali wannan saurayi ba zai iya ko ɗaure ɗamara ba.

Abin da aka shuka a firamare shi aka girba a gaban duniya. Nijeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16 a ƙasar Sin a 1985, aka yi murna. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da ita shekara biyu daga gasannin masu ƙayyadaddun shekaru, saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasanta na gasar Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka bayar a da, ta kuma rasa damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta 1991. Daga 2009 sai aka koma ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'ura domin a gane shekaru, aikin da tsohuwa ɗaya ke yi a da daga bakin zaure.

Maƙwabtanmu wata hanya suka bi. Jamhuriyar Nijar ta ɗauki kokawa ta mai da ita gasar ƙasa tun 1975 a Tawa, ana ba zakara takobi, ga alƙalai ga rubutattun dokoki, kuma makaɗa ba su bar fili ba. Mu ma daga baya an shigar da dambe da kokawa da langa cikin bikin wasanni na ƙasa wanda aka fara a Legas a 1973, sai dai daga sama aka shigar da su, ba daga aji ba.

Ɗalibin da zai yi wannan bincike a ƙasar Zango, takardar tambayoyi da ake raba wa malamai ba za ta ishe shi ba. Ya nemi tsofaffin rajistoci da littattafan da hedimastoci ke rubuta al'amuran yau da kullum, ya gwada shekarun da ke ciki da na sa'o'in kaciya, sa'an nan ya zauna da tsofaffin 'yan kokawa da mahauta na ɓangarorin iyaka biyu tun suna da sauran ƙarfin magana.