Tarihin Tsamin Nono da Yaƙinsa da Ƙwayoyin Cuta

Tun ina yaro wani abu yake ɗaure mini kai. Kakata takan hana mu shan abincin da ya kwana a buɗe, amma kindirmon da ya yi barci a ƙwarya tun jiya ita da kanta take dama mana fura da shi. In na tambaye ta dalili sai ta ce tsami ne maganinsa. Sai da na zo jami'a na gane cewa wannan amsa tata ta ci wa masanan Turai shekaru masu yawa.

A shekarar 1857 ne Louis Pasteur, mutumin Faransa, ya nuna cewa wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, wato bakteriya, su ne suke kawo irin wannan tsami. Sukan cinye sukarin da yake cikin madara su mayar da shi asid. A 1878 kuma Joseph Lister a Ingila ya ware ɗaya daga cikinsu ita kaɗai. Asid ɗin nan shi ne makamin farko, domin ƙwayoyin cuta da dama, musamman ta kwalara, ba sa jure zama cikinsa.

To, wanda ya fi kowa yayata maganar shi ne Elie Metchnikoff, ɗan Rasha mai bincike a cibiyar Pasteur ta birnin Faris. A 1905 wani ɗalibin likitanci ɗan Bulgeriya, Stamen Grigorov, ya gano bakteriyar da take cikin nonon ƙasarsu. (Ɗalibi fa, 'yan'uwa, kamar ni da ku.) Metchnikoff ya ɗauki wannan ya gina ra'ayinsa a kai, ya ce ruɓewar abinci a hanji ita take kawo tsufa, nono kuwa yana hana ruɓewar, shi ya sa manoman Bulgeriya suke daɗewa a duniya. Ya bayyana haka a littafinsa na 1907, mutanen Turai suka yi ca a kan nono. Shi kansa kullum sai ya sha, amma ya rasu a 1916 yana da shekara 71. Daga baya bincike a Amurka ya nuna cewa bakteriyar tasa ba ta ma zama a hanjin mutum. A ganina malamin ya zarce gona da iri wajen maganar tsufa, amma bai yi kuskure ba da ya ce bakteriya tana yaƙar 'yar'uwarta.

Hujjar ta zo a 1928, shekarar da Fleming ya gano fenisilin. Wani Ba'amurke, Rogers, ya lura cewa irin bakteriyar da Lister ya ware tana hana wata girma, kuma abin dariya, ta Bulgeriyar ce ta hana. Sinadarin da take fitarwa aka sa wa suna nisin a Ingila a 1947, har yau kuma ana zuba shi a cuku da abincin gwangwani don kada su lalace.

Sai dai kakata ma akwai inda amsarta ta gaza. Ƙwayar tarin fuka ta shanu tana iya rayuwa kwana da kwanaki a cikin nono mai tsami, ta kama wanda ya sha. Ita kam sai an dafa madarar tukuna, ta huce, sa'an nan a zuba mata ɗan nonon jiya a rufe ƙwarya.